Maƙwaƙwafin da Ya Sauko Ƙasa: Rayuwar Koren Maƙwaƙwafin Birtaniya da Dogaronsa ga Tururuwa

Tsakure

Cikin nau'o'in maƙwaƙwafi uku da ke hayayyafa a Birtaniya, kore shi ne babba, kuma shi ne wanda sunan zuriyarsa bai dace da halinsa ba. Wannan takarda ta bi ƙirar jikinsa, da abincinsa, da hayayyafarsa, da yaɗuwarsa, domin ta nuna cewa bishiya ɗakin kwanansa ce kawai, gonarsa tana ƙasa, cikin gajeriyar ciyawa inda tururuwa ke gini. Don haka ƙaruwa da raguwar yawansa sun fi bin sawun tumaki da zomaye da dusar ƙanƙara a kan sawun gatari. An gina takardar a kan ayyukan da aka riga aka wallafa da kuma ƙidayar tsuntsaye da ake yi a Birtaniya.

1.0 Gabatarwa



Bahaushe ya raɗa wa wannan tsuntsu suna ne daga aikin da ya ga yana yi: maƙwaƙwafi, mai ƙwanƙwasar itace. Bature ma haka ya yi. Idan aka ambaci sunan, hoton da ke zuwa a zuci shi ne na tsuntsu manne da jikin bishiya, ya dogara da jela, yana sara da baki. Biyu daga cikin maƙwaƙwafan Birtaniya sun yi daidai da wannan hoto. Akwai babban mai dabbare-dabbare, Dendrocopos major, baƙi da fari, wanda ake jin gangarsa a dazuzzuka tun daga watan Janairu. Akwai kuma ƙaramin mai dabbare-dabbare, Dryobates minor, da bai fi gwara girma ba, wanda yawansa ya zube har aka sa shi a jerin ja na tsuntsayen da ake jin tsoron ƙarewarsu.

Na ukun shi ne abin magana a yau. Linnaeus ya ba shi sunan kimiyya Picus viridis a 1758, ma'ana koren maƙwaƙwafi. Wanda ya je neman sa yana ɗaga kai sama zai iya wuce shi bai sani ba, domin galibin yininsa a ƙasa yake yin sa, yana tsalle a kan ciyawa kamar wanda ya yar da allura.

Tun a 1859 Charles Darwin ya lura da irin wannan saɓani. A littafinsa na asalin nau'o'in halittu ya kawo misalin wani maƙwaƙwafi na filayen La Plata a Kudancin Amurka, wanda jikinsa duk na mai hawan bishiya ne amma rayuwarsa ta fili ce. Koren Birtaniya bai kai wancan nisa ba, bai rabu da bishiya ba. Sai dai ya kama hanyar.

2.0 Ƙirar jiki

Tsawonsa santimita 30 zuwa 34 ne, nauyinsa kuma gram 180 zuwa 220, wato bai kai tantabara ba. Bayansa kore ne, cikinsa ya fi haske, tsakar kansa ja, kewayen idonsa baƙi. Idan ya tashi, abin da ido ke fara kamawa shi ne rawayan da ke gindin jelarsa. Tashinsa kuwa na hawa da gangara ne: ya kaɗa fiffike sau uku ko huɗu, ya naɗe su, ya sulale, ya sake kaɗawa. Ana bambance jinsi da wani zane mai kama da gashin baki. Na mace baƙi ne wuluk, na namiji yana da ja a tsakiya. 'Ya'yan bana kuwa jikinsu duk ɗigo-ɗigo ne.

Kayan hawan bishiya duk yana da su. Yatsu biyu na duban gaba, biyu na duban baya, gashin jela mai tauri ne da yake tokarawa da shi. Amma bakinsa bai kai na babban mai dabbare-dabbare ƙarfin sara ba idan aka yi la'akari da girman jiki, kuma ba kasafai yake buga ganga ba. Inda ɗan'uwansa ke shelar iyakar yankinsa da bugun busasshen reshe, shi da murya yake yi, wata ƙara mai kama da ƙyalƙyalar dariya wadda ake ji daga nesa. Daga wannan dariya mutanen karkarar Ingila suka ba shi sunan yaffle. Wasu kuma suna ce masa tsuntsun ruwa, bisa camfin cewa kukansa na jawo ruwan sama. Mu da muke cewa tsuntsun da ya kira ruwa shi ruwa kan doka, ba za mu yi musu dariya ba.

Bari in ɗan ratse. An daɗe ana koyar da cewa ƙoƙon kan maƙwaƙwafi yana da wani abu mai tsotse ƙarfin bugu, kamar katifa, shi ya sa ƙwaƙwalwarsa ba ta jigata. A 2022 Sam Van Wassenbergh na Jami'ar Antwerp da abokan aikinsa sun ɗauki hoton bidiyo mai tsananin sauri na nau'o'i uku suna sara, suka gano cewa kan yana aiki ne kamar guduma mai tauri, ba ya tsotse komai. Ƙanƙantar ƙwaƙwalwar ce ke kare ta. Kore ba ya cikin ukun da aka gwada, amma ya kamata masu koyarwa a cikinmu su gyara abin da ke cikin tsofaffin takardunsu.

Ainihin makamin wannan tsuntsu harshe ne. Tsawonsa ya kai santimita 10, kusan kashi ɗaya cikin uku na tsawon jikin. Tun da baki ba zai ɗauke shi ba, ƙashin da ke riƙe da shi ya bi ta ƙarƙashin muƙamuƙi, ya zagayo ta ƙeya, ya hau tsakar kai ya gangaro gaba. Harshen babban mai dabbare-dabbare yana da ƙayoyi a baki domin sokar tsutsa a cikin itace. Na kore ba shi da su. Abin da yake da shi yawu ne mai danƙo, daga manyan ƙullutai na yawu, kuma bakin harshen yana lanƙwasa yana bin lungunan ramin tururuwa. Ɗaya mashi, ɗaya danƙo. A wannan bambanci kaɗai an ga inda kowannensu ke neman abinci.

3.0 Tururuwa

Hausa ta rarrabe tururuwa da cinnaka da kiyashi da kwarkwasa. A wannan takarda na ɗauki kalmar tururuwa a matsayin sunan dangin gaba ɗaya, ban da gara, wadda dabam take kuma ba a samun ta a filayen Birtaniya.

Tururuwa, manyanta da 'ya'yanta, ita ce kusan dukan abincin koren maƙwaƙwafi. Yana sauka a fili, ya haƙa ɗan rami mai siffar mazurari da baki, ya zura harshe, ya janyo abin da ya manne. Yakan daɗe a wuri ɗaya, lokaci zuwa lokaci ya ɗaga kai sama ya duba shaho, kuma yakan dawo gida ɗaya kwanaki a jere. Mai bincike yana gane inda ya yi kiwo ta kashinsa, wanda yake kama da guntun tokar taba sigari. Idan aka murje shi, ɓawon tururuwa ne zalla.

Yawan abin da yake ci ba wasa ba ne. Wani nazari da aka yi a kan sheƙa ɗaya a Romaniya ya ƙiyasta cewa 'ya'ya bakwai sun ci tururuwa da 'ya'yanta kimanin miliyan 1.5 kafin su bar rami. Sheƙa ɗaya ce, ba za a gina doka a kanta ba, amma ta nuna girman gonar da iyaye biyu ke bukata a kusa da bishiyarsu.

A Birtaniya nau'in da ya fi muhimmanci a wannan labari shi ne rawayar tururuwar makiyaya, Lasius flavus. Ba kasafai take fitowa fili ba. A ƙarƙashin ƙasa take kiwon wasu ƙananan ƙwari masu tsotson saiwar ciyawa, tana shan ruwa mai zaƙi da suke fitarwa, irin danƙon nan da manomi ke gani a ganyen dawa. Tana tara ƙasa ta yi tudu mai kama da ƙaramin shuri, ciyawa ta rufe shi, tudun yana kama zafin rana yana ɗumama 'ya'yanta. Irin wannan tudu yakan shekara gommai, wani ya haura ɗari, muddin garma ba ta bi ta kansa ba. Saboda haka filin da aka gani cike da tuddai shaida ce cewa an daɗe ba a huɗe shi ba.

Sharaɗi na biyu shi ne gajartar ciyawa. Idan ciyawa ta yi tsawo, inuwa ta rufe tudun, ƙasa ta yi sanyi, tururuwa ta ragu. Ko tana nan ma, tsuntsun ba ya iya kaiwa gare ta, kuma ba ya hango abokin gaba. Danny Alder da Stuart Marsden sun bi sawun waɗannan tsuntsaye a yankin noma na Dorset, suka wallafa sakamakon a mujallar Bird Study a 2010. Abin da suka samu shi ne tsuntsayen suna zaɓar wuraren gajeriyar ciyawa masu yawan tururuwa, suna barin sauran fili duk faɗinsa.

To wa ke gajarta ciyawar? Tumaki, da shanu, da zomayen daji, da barewa, sai kuma injin yankan ciyawa. Gandun Richmond da ke kudu maso yammacin Landan misali ne mai kyau. Sarki Charles na Ɗaya ya kewaye shi a 1637 domin farauta, har yau akwai barewa kusan 600 da ke kiwo a ciki. Ga tsofaffin itatuwan ok, ga fili da garma ta daɗe ba ta taɓa ba, ga dubban tuddan tururuwa. Koren maƙwaƙwafi ba baƙo ba ne a wurin. Haka ake samun sa a tsofaffin lambunan tuffa, da maƙabartun coci, da filayen golf, da farfajiyar gidaje.

Wannan zaman ƙasa yana da farashi. A watan Maris na 2015 wani mai ɗaukar hoto ya kama abin mamaki a wurin shaƙatawa na Hornchurch, gabashin Landan: koren maƙwaƙwafi yana tashi, wata 'yar dabba mai farauta da Turawa ke kira wizil tana maƙale a bayansa. Hoton ya zagaya duniya a matsayin abin dariya, kamar dabbar ta hau doki. Ba sukuwa take yi ba, kashe shi ta zo yi, kuma a ƙasa ta same shi. Tsuntsun ya tsira.

4.0 Hayayyafa

A nan ne bishiya ke shigowa. Ma'aurata suna zaɓar itacen da cikinsa ya fara ruɓewa, ko da bayansa lafiya lau ne, kamar ok ko tsohuwar bishiyar 'ya'yan itace. Namiji ne ke yin mafi yawan haƙar, cikin 'yan makonni, ƙofar ramin kuma faɗinta kimanin santimita 6. Ba sa kawo ciyawa ko gashi, ɓarɓashin itacen ne shimfiɗa. Daga ƙarshen Afrilu zuwa Mayu mace ke saka farin ƙwai, galibi biyar ko shida. Su biyun suke kwanci, namiji ne ke kwana a kai da dare, ƙwai ya ƙyanƙyashe cikin ƙasa da mako uku. Tun da ba a ɗaukar tururuwa ɗaya-ɗaya, iyaye suna haɗiye ta ne su zo su amayo wa 'ya'ya. Bayan mako uku zuwa huɗu 'ya'yan su fito, a riƙa ganin su a fili suna bin iyaye suna koyon haƙa. Sau ɗaya suke ƙyanƙyasa a shekara. Ramin da suka bari kuwa wasu tsuntsaye da jemagu ne ke gadonsa.

5.0 Sanyi, ruwa da iyakar yaɗuwa

Koren maƙwaƙwafi ba ya ƙaura. Inda aka ƙyanƙyashe shi, a nan kusa yake ƙare rayuwarsa, kuma yana ƙyamar ƙetare ruwa. Babu shi a Ayalan. Tsibirin Wight, wanda 'yar siririyar mashiga ce ta raba shi da kudancin Ingila, sai a 1910 ya kafu a can. A Sikotilan sai a 1951 aka tabbatar da hayayyafarsa ta farko. A kwatanta da babban mai dabbare-dabbare, wanda ya ƙetare teku ya fara hayayyafa a Ayalan a shekarun 2000.

Tsuntsun da ba ya ƙaura, abincinsa kuma a ƙasa, lokacin sanyi ne jarrabawarsa. Tururuwar makiyaya tana nutsewa can ƙasa, don haka yakan koma ga manyan gidajen tururuwar daji, dangin Formica, masu tara ganye da ƙirare, ya fasa su. An ga yana haƙa rami cikin dusar ƙanƙara domin ya kai gare su. Idan yunwa ta yi tsanani har amya yake fasawa, abin da ya sa masu kiwon zuma ke kewaye amyoyinsu da raga. Amma idan ƙasa ta daskare makonni a jere, dabara ta ƙare. Haka aka yi a sanyin 1962 zuwa 1963, lokacin da dusar ƙanƙara ta rufe yawancin ƙasar daga ƙarshen Disamba har farkon Maris. Koren maƙwaƙwafi yana cikin tsuntsayen da suka fi mutuwa. Babban mai dabbare-dabbare, da ke cin tsutsar itace da ƙwayar 'ya'yan itatuwa, bai sha irin wannan wuya ba.

6.0 Abin da ƙidaya ta nuna, da yadda nake karanta ta

Ƙiyasin baya-bayan nan yana sa yawansa a Birtaniya a wajen ma'aurata 50,000, kuma yana cikin jerin kore, wato na waɗanda ba a ɗaga hankali a kansu ba. Ƙidayar da Ƙungiyar Nazarin Tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, ke gudanarwa ta nuna ya yi ta ƙaruwa daga shekarun 1960 har zuwa ƙarshen shekarun 2000, sannan ya fara raguwa. Taswirar tsuntsaye ta 2007 zuwa 2011 kuma ta nuna ya bazu a gabashin Ingila, ya ja baya a yammacin Wales.

A nan mai sauraro zai iya tare ni da tambaya, kuma yana da gaskiya. An ƙiyasta cewa Ingila da Wales sun rasa kashi 97 cikin 100 na tsofaffin makiyayansu na kwari tsakanin shekarun 1930 da 1984, sakamakon huɗa da takin zamani da shuka sabuwar ciyawa. Idan rayuwar tsuntsun a kan irin wannan fili take, yaya aka yi ya ƙaru a daidai lokacin da filin ke ƙarewa?

Amsata kashi uku ce. Na farko, ƙidayar ta fara ne a farkon shekarun 1960, wato a kan gawar sanyin 1963. Wanda ya fara awo daga ƙasan rijiya, duk motsi hawa ne a wurinsa. Shekarun da suka biyo baya kuma sanyinsu ya yi sauƙi. Na biyu, zomaye. Cutar miksomatosis ta ɓulla a Kent a 1953, cikin shekara biyu zuwa uku ta kashe kusan kashi 99 cikin 100 na zomayen dajin ƙasar, ciyawa ta yi tsawo a tuddan da suka daɗe a aske. Mun san abin da wannan ya yi wa tururuwa daga wani labari maƙwabci. Wani shuɗin malam-buɗe-littafi, wanda tsutsarsa ke girma a gidan jar tururuwa Myrmica sabuleti, ya ƙare a Birtaniya a 1979. Binciken Jeremy Thomas ya nuna dalili: ciyawa ta ƙaru da 'yan santimita, ƙasa ta huce, wannan tururuwar ta gudu. Sai da aka maido da kiwo sannan aka iya dawo da shi daga Suwidin a shekarun 1980. A ganina, farfaɗowar zomaye daga shekarun 1960 ta sake buɗe wa maƙwaƙwafi gonarsa kamar haka. Na uku, tsuntsun ya koyi cin gajiyar filayen da mutum ke askewa da inji, inda baƙar tururuwar lambu, Lasius niger, ke da yawa.

Idan wannan karatu daidai ne, raguwar kwanan nan ma tana da inda za a nemi bakin zarenta. A 2008 Tarayyar Turai ta soke tsarin barin wani kaso na gonaki su huta. Sanyin 2009 zuwa 2010 da na Disamban 2010 sun yi tsanani. Wata sabuwar cutar zubar jini kuma ta sake rage zomaye. Haɗuwar lokaci ba hujja ba ce, na yarda. Amma duk ukun a ƙasa suka faru, ba a kan bishiya ba, kuma a cikin waɗannan shekaru babban mai dabbare-dabbare, mai dogaro da itace, bai yi irin wannan ja da baya ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Akwai abin da wannan ke nufi ga masu tsara dashen itatuwa, wanda Birtaniya ta sa a gaba saboda sauyin yanayi. Wanda ya dasa bishiyoyi a cunkushe a kan tsohuwar makiyaya mai tuddan tururuwa, yana ganin ya yi wa maƙwaƙwafi gata, ya gina masa ɗaki ne a tsakiyar gonarsa. Abin da tsuntsun ke bukata tsohuwar bishiya ce nan da can, da fili a tsakaninsu, da dabbar da za ta ci ciyawar.

7.0 Ɗan'uwan da ke zuwa mana

Birtaniya ta taɓa samun na huɗu a wannan dangi. Sunansa na kimiyya Jynx torquilla, Turawa suna kiransa mai murɗa wuya, saboda yadda yake juya kai kamar maciji idan aka kama shi. Launinsa na ɓawon itace ne, ba ya haƙa rami da kansa, shi ma tururuwa yake lasa a ƙasa. A ƙarni na 19 sananne ne a lambunan kudancin Ingila. Ya yi ta raguwa har ya daina hayayyafa a kai a kai a can cikin shekarun 1970, yanzu sai dai a gan shi yana wucewa. Raguwar filayen tururuwa tana cikin dalilan da masana ke kawowa. Bambancinsa da kore shi ne shi yana ƙaura, kuma wani ɓangare na waɗanda ke hayayyafa a Turai yana cin lokacin sanyi a dazuzzukan kudu da Sahara, daga Senegal zuwa Habasha, har da arewacin Nijeriya.

Muna kuma da namu na gida, Campethera punctuligera, maƙwaƙwafi mai koren baya da ƙananan ɗigo a ƙirji, wanda ke cin tururuwa da gara, yana sauka ƙasa neman su. Tambayar da aka yi a Dorset ta dace da shi: wane irin fili yake zaɓa, kuma me kiwo da huɗa da ƙunar daji ke yi wa abincinsa? Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta A. P. Leventis da ke Jos tana jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya tun 2015, kuma ɗalibai da masu sha'awa ne ke kai mata bayanai. Roƙona ga waɗanda ke fita wannan aiki a cikinku shi ne, idan kun ga maƙwaƙwafi, kada ku tsaya ga rubuta sunansa. Ku rubuta inda kuka gan shi, a kan bishiya ko a ƙasa, da tsawon ciyawar wurin, da abin da ke kiwo a cikinta.